Noreen Garside, Wadda Ta Zauna a Gindin Itacen Wutar Carr Top

Ƙarfe shida saura na safe, ko rani ko hunturu, fitilar kicin ɗin gida mai lamba goma sha bakwai a layin Sykes ce ke fara kamawa a duk unguwar Carr Top. Noreen Garside za ta ɗora butar shayi a wuta, amma ba ta tsayawa shansa. Sai ta zura takalman roba, ta yafa tsohuwar rigar sanyin marigayi mijinta, ta ratsa ɗan lambun bayan gida zuwa ɗakin katakon da ke ƙarshensa. A bakin ƙofar takan ɗan tsaya, hannunta a kan sakata. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan tsayuwa, kuma har yau gabanta bai daina faɗuwa ba, domin ba ta san wadda ta kwana da rai da wadda ba ta kwana ba.

A cikin ɗakin akwatuna ne jere har rufi, kowanne da bushiya a ciki. Wata mota ce ta buge ta, wata injin yankan ciyawa ya tsage mata baya, wata ta maƙale a ragar ƙwallo har zaren ya ci mata ƙafa, wasu kuma ƙanana ne da aka haifa a makare, sanyi ya tarar da su ba su tara kitsen da zai kai su ƙarshen barcin hunturu ba. Hancin Noreen ke fara aiki kafin idonta. Daga wari take gane akwatin da ba lafiya. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora kowace a kan sikelin kicin, ta rubuta nauyinta a katin da ke liƙe jikin akwati. Wadda ta ƙaru, ko da giram goma ne, sai ta ce mata, "Yauwa, yarinya." Wadda ta ragu kwana biyu a jere, ba ta ce mata komai, sai dai ta jawo akwatinta kusa da na'urar ɗumama ɗaki.

Wayarta kuwa ba ta da lokacin ringi. Duk wanda ya ga bushiya tana tangaɗi da rana tsaka a wannan gefen Wakefield, lambar Noreen ake ba shi. Amsarta ba ta canjawa: "Sa ta a kwali mai zurfi. Ki cika kwalba da ruwan ɗumi, ki naɗe da tawul, ki ajiye a gefenta. Kada ki tsaya ɗaukar hoto. Ga ni nan." Likitan dabbobin da take kai wa waɗanda suka fi ƙarfinta ya ce ya taɓa ganinta ta yi awa uku a zaune da matsefata tana tsince ƙwan ƙuda daga kunnen wata 'yar bushiya da ba ta kai girman lemo ba, ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Ba karatun dabbobi ta yi ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa abincin rana a makarantar firamaren unguwa, rabin magidantan Carr Top daga ludayinta suka girma. Abin ya faro ne wata Lahadi da mijinta Walter yake yankan ciyawa a gindin shinge, injin ya sami wata uwar bushiya. A cikin zanen girkin Noreen ta mutu. Da suka ɗaga ganyen da ta fito daga ciki, sai ga 'ya'ya huɗu, idonsu ko buɗewa bai yi ba. Uku suka rayu a hannunta. Walter bai ƙara kunna injin nan ba sai ya bi ciyawar da sanda tukuna, kuma shi ya gina mata ɗakin katakon kafin ya rasu.

Da shekaru suka tura, sai ta lura da wani abu da ya hana ta sukuni. Waɗanda ta yi jinya ta saki, su ne ake dawo mata da su a jaka, mota ta murƙushe. Dalilin a fili yake. Kowane gida ya kewaye lambunsa da shingen katako har ƙasa, bushiya kuma mai yawon dare ce, lambu ɗaya ba ya isarta. In ba ta sami hanya ta baya ba, dole ta fito titi. Daga nan Noreen ta fara bin gidaje da roƙo guda ɗaya: a bari a huda ɗan rami a gindin shinge, faɗinsa kamar tafin hannu. Maƙwabcinta Imtiaz Dar, direban tasi, shi ke binta da zarto a ranakun hutunsa. Wasu suka yarda nan take. Wasu sai da ta koma sau huɗu. Keith Holroyd na ƙarshen layi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ko ƙofa bai buɗe sosai ba.

"Ɓeraye za ki kwaso mini," ya ce.

"Ɓeran da ke son shiga gidanka, Mista Holroyd, ba ya jiran in huda masa ƙofa. Ta kan shinge yake hawa."

"To ita ma ta koyi hawa," ya ce, ya rufe ƙofarsa.

Duk da haka, cikin shekara takwas lambuna ɗari da ashirin da shida suka haɗe, tun daga layin Sykes har filin kulob ɗin ƙwallon zari-ruga. Mutane suka fara jin hucin bushiya a bayan gidajensu, abin da wasu ba su ji ba tun suna yara.

Amma abin da ya sa babu wanda zai manta da ita a unguwar nan, a filin nan ya faru, shekara shida da suka wuce, ranar biyar ga Nuwamba, daren da ake taruwa duk shekara a Ingila a cinna wa tsibin itace wuta ana biki.

Gavin Tordoff ne ke shirya wutar a shekarar. Aikin mahaifinsa Trevor ne na tsawon shekara talatin, kuma a watan Afrilun shekarar aka binne Trevor. Mai motar da ke kawo itace bai da wani lokaci sai kwana tara kafin ranar, don haka aka jibge kayan da wuri: katakan ɗora kaya, tsofaffin ƙofofi, rassan itatuwa, busasshen ganye da aka sharo aka tura ƙarƙashi. Tsibin ya fi tsayin mutum biyu. Ga bushiyar da ke neman inda za ta yi barcin hunturu, babu masaukin da ya fi wannan. Noreen ta sami Gavin tun da saura mako guda, ya yi mata alkawarin cewa da safiyar ranar za a kwashe tsibin a sake tara shi a sabon wuri. Ta yarda da shi, ta koma harkokinta.

Ranar Alhamis Imtiaz ya shigo mata da wayarsa a hannu, ko gaisawa ba su yi ba. Yana da 'yar kyamara a gindin shingensa, kuma lambunsa ne na ƙarshe kafin filin. A hoton, wata bushiya ce take fita ta ramin zuwa fili, bakinta cike da ganye, ta dawo ba komai, ta sake ɗauka. Sawu goma sha ɗaya a dare guda. Tana ɗingisa ƙafar baya, kuma akwai ɗigon farin fenti a ƙayar bayanta, alamar da Noreen ke yi wa waɗanda ta yi jinya. Noreen ta san ta. Mako bakwai ta yi tana jinyar wannan ƙafa kafin ta sake ta a watan Agusta. Sai ta gane cewa hanyar da ta huda musu da hannunta ita ce ta kai su gindin itacen.

Ranar Asabar ta kira Gavin da safe, bai ɗauka ba. Tana shirin fita filin sai aka kawo mata wata bushiya da kare ya ciza, dole ta nufi wajen likita. Kafin ta dawo ƙarfe shida ta kusa, duhu ya shiga. Ta ɗauki tocila da kwali, ta gangara.

Tun daga nesa ta ga tsibin yana nan inda yake. An zagaye shi da igiya. Bayan igiyar mutane sun kai ɗari uku, yara a wuyan iyayensu, ana cin gasasshen dankali, ana shan shayi a kofin takarda. Da ta matso sai warin kananzir ya doki hancinta. Ta sunkuya ta shige ta ƙarƙashin igiyar.

Gavin ya taho da sauri, lasifika a hannunsa. Ƙato ne, ya haura arba'in, amma har yau yadda ya saba kiranta a makaranta yake kiranta.

"Misis Garside, ba a shiga nan. Don Allah ki fito."

"Ka yi mini alkawari, Gavin."

"Na yi. Mutum goma sha biyu suka ce za su zo da safe, uku na gani. Mun zagaya, mun bubbuga, mun haska. Babu komai a ciki."

"In an bubbuga mata ba gudu take yi ba. Dunƙulewa take yi ta yi shiru. Na faɗa maka wannan."

"Ki dubi mutanen nan. Tun ƙarfe biyar yara suke tsaye cikin sanyi. Shida da rabi za mu kunna, kuma an ce ruwa zai sauko ƙarfe bakwai."

"Wa ya zuba kananzir?"

Ya kau da kai. "Gefe ɗaya ne kawai."

Ta bi warin har gefen da aka jiƙa, ta sami wata tsohuwar ƙofa a kwance a gindin tsibin, ta zauna a kai, ta ɗora kwalinta a cinya.

Da farko dariya aka yi, an ɗauka wasa ne. Da minti biyar ta wuce ba ta motsa ba, sai dariyar ta ƙare. Ta ji sanyin kananzir yana ratsa rigarta har fata. Taku biyar daga inda take, a bakin igiya, yara suna wulwula ƙananan sandunan wasan wuta masu tartsatsi, iska kuma daga wajensu take busowa. Ta ga wani tartsatsi ya faɗi a ciyawa ya mutu. Ta ga wani ya faɗi kusa da wancan. Ta ƙara riƙe kwalin a cinyarta. Gavin ma ya ga abin da ta gani, ya daka wa masu tsaron igiyar tsawa su mayar da yara baya, muryarsa ta canja.

Daga cikin taron Keith Holroyd ya ɗaga murya. "Ku ɗauke ta mana. Tsohuwa guda za ta ɓata wa unguwa dare saboda ɓera mai ƙaya?"

Wani ya ce a kira 'yan sanda. Wasu samari a baya suka fara ƙirgen kunna wuta, goma, tara, takwas, suna dariya. Wani kofin shayi ya taso daga duhu ya faɗi a kan takalminta, shayin ya fantsama. Yawancin fuskokin nan ta san su tun ba su iya riƙe cokali ba. Abin da ya fi tsorata ta ba wutar ba ce. A ranta tana tambayar kanta, in fa bushiyar ta canja wuri jiya? In fa babu komai a ƙarƙashin nan? Ta kasa kunne jikin katako, ba ta ji komai ba sai hayaniyar mutane.

Gavin ya zo ya tsuguna a gabanta, ya rage murya.

"Kin san wutar babana ce. Bana ce ta farko da ba ya nan. Mamata tana can zaune a mota tana jiran ta ga an kunna."

"Na san Trevor tun ba a haife ka ba, ɗana. Ba wuta na hana ka ba. Taku ashirin nake roƙo, a matsar da itacen taku ashirin."

"Aikin awa guda ne, ruwa kuma zai riga mu. In na sa aka rushe ba a sami komai ba fa?"

"Sai ka ba ni lasifikar nan in ba su haƙuri da bakina. Kuma ba za ka ƙara ganina a filin nan ba." Ta dube shi. "Shekara bakwai ina zuba maka abinci. Na taɓa yi maka ƙarya?"

"Kin ce mini kabeji yana da daɗi."

Bakinta ya ɗan motsa, amma ba ta tashi ba. Ya daɗe a tsugune yana kallon ƙasa. Zai iya sa 'yan ƙwallon kulob ɗin biyu su ɗaga ta kamar kujera, kuma taron da tafi zai yi masa. Ya miƙe, ya kai lasifika bakinsa, ya ce za a jinkirta, za a matsar da itace, duk mai safar hannu ya shigo.

Ihun da aka yi masa bai yi daɗin ji ba. Iyalai da dama suka juya suka nufi gida, yara suna kuka. Babu wanda ya shigo sai Imtiaz, da matarsa a bayansa. Gavin ya juya ga 'yan ƙwallon, ya kira su ɗaya ɗaya da suna, suka taho suna jan ƙafa. Can sai wasu mata biyu suka ajiye kofunansu suka shigo. Aka yi layi, katako yana wucewa hannu zuwa hannu. Noreen ta miƙe tana ba da umarni da muryar da take tsayar da yara ɗari biyu a layin abinci: daga sama za a fara, ba a ja, ba a jifa, kada wanda ya taka gindin tsibin, kada wanda ya sa manjagara.

Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci ruwa ya sauko, siriri mai sanyi. An kwashe rabi, ba a ga komai ba. An kwashe kashi biyu cikin uku, sai ga wani abu ya fito da gudu ta tsakanin ƙafafu, tocila goma suka bi shi. Ɓera ne.

"Ga bushiyarki nan," in ji Holroyd. "Har ta yi wutsiya."

Aka yi dariya, har da wasu daga cikin masu ɗaukar katakon. Noreen ba ta waiwaya ba. Abin da ya rage a ƙasa katakan ɗora kaya uku ne, da ƙofar da ta zauna a kai. Gavin yana tsaye gefe, ruwa yana zuba daga gashinsa, lasifikar tana reto a hannunsa, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ta durƙusa cikin taɓo. Ita da Imtiaz suka ɗaga na farko a hankali. Jiƙaƙƙiyar ciyawa ce kawai. Suka ɗaga na biyu. A ƙarƙashinsa akwai dunƙulen ganye kamar ƙwallo, a matse, an jera shi yadda iska ba ta jera ganye. Ta ɗaga hannu, waɗanda ke kusa suka yi shiru. Ta kai kunnenta. Sai ta ji huci, gajere, na fushi. Ta buɗe ganyen da yatsa biyu, hasken tocila ya sauka a kan ƙaya, da ɗigon farin fenti.

Shirun ya bi layin mutane har bakin igiya. Wata mata ta rufe bakinta da hannu.

Noreen ba ta ɗaga bushiyar sama don a gani ba. Ta kwashe ta da ganyenta ta sa a kwali, ta rarrafa zuwa ƙofar. Wannan karon Gavin ne ya kama ɗaya gefen. Da suka ɗaga, warin kananzir ya taso, kuma a cikin ganyen da ya jiƙe sharkaf akwai ƙanana guda biyu, 'yan haihuwar kaka, daidai ƙarƙashin inda ta zauna. Ɗaya ta dunƙule da aka taɓa ta. Ɗayar tana kwance a miƙe, numfashinta da ƙyar. Gavin ya tsaya riƙe da ƙofar, ya rasa inda zai ajiye ta. Shi ya zuba kananzir ɗin da hannunsa.

"Imtiaz, kawo mota," abin da ta ce ke nan.

Ƙarfe takwas saura aka kunna wutar, Noreen ba ta nan. Itacen ya sha ruwa, hayaƙi ya yi ta yi, bai kama sosai ba, kuma waɗanda suka rage a filin ba su kai hamsin ba. Mahaifiyar Gavin ta riga ta sa an kai ta gida.

Mai ɗingishin ba abin da ya same ta, aka yi mata sabon masauki a bayan gidan Imtiaz. Ƙaramar da ta dunƙule ta rayu, ta yi hunturu a ɗakin katako. Ɗayar an wanke ta, an ɗumama ta, an yi duk abin da likita ya ce, amma ta mutu da safe a tafin hannun Noreen. Har gobe in aka yaba mata kan wannan rana, sai ta girgiza kai. "Tun Alhamis na sani," takan ce. "Da na ɗauki baro na fara kwashewa ni kaɗai, da ba a kai ga kananzir ba. Alkawari na zauna jira."

Kada mai karatu ya ɗauka unguwa ta tashi da yabonta washegari. Sau biyu aka farfasa mata ƙwai a ƙofa. Gidaje bakwai suka toshe ramukan shingensu da bulo. A kantin layi in ta shiga hira takan mutu. Mai wannan rubutu yana filin a ranar, 'yarsa a wuyansa, kuma ba ya cikin waɗanda suka shiga ta ƙarƙashin igiya. Yana cikin masu gunaguni. Wannan ma yana daga dalilan da suka sa ya ɗauki alƙalami yau.

Gavin bai neme ta ba har shekara ta kusa zagayowa. Wata ranar Oktoba ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ya tsaya a waje hannuwansa cikin aljihu.

"Motar itace ranar wutar za ta zo, ƙarfe tara na safe. Ki zo ki duba in kina so. In ba ki zo ba ma duk ɗaya ne."

"Zan zo."

"Na san za ki zo," ya ce, ya juya.

Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Amma tun daga shekarar ba a sake kwana da tsibin itace a filin Carr Top ba, kuma kulob biyu na maƙwabta sun bi sahu. Biyar daga gidaje bakwai ɗin nan sun cire bulonsu ba tare da sun ce wa kowa komai ba. Keith Holroyd har yau ba ya gaishe ta, shingensa kuma yana nan har ƙasa.

A ƙarshen wannan wata za a yi wa Noreen aiki a ƙugu. Shekarunta saba'in da huɗu, kuma likita ya ce durƙuso ya ƙare mata. Bushiyoyi goma sha huɗu da ke hannunta an raba su gidaje shida, wajen mutanen da ta koya wa riƙe sirinji da karanta sikeli. Babu takardar yabo da ta taɓa zuwa mata daga wata hukuma, babu albashi, babu hutu ko na mako guda a cikin shekara goma sha tara.

Noreen, uwar marasa baki, ke ce kika ciyar da mu muna yara, kika dawo kika ciyar da abin da muke takewa ba mu sani ba. Ke ce kika bi ƙofofi ɗari da roƙon ramin da bai fi tafin hannu ba, aka rufe miki ƙofa kika koma. Ke ce kika zauna a kan kananzir, mutanen da kika yi rainonsu da hannunki suna yi miki ihu, ba ki da tabbacin kina da gaskiya, amma ba ki tashi ba. Ba mu taimake ki a lokacin da ya kamata ba. Mun gode, kuma ki yafe mana jinkirin.

Ku kuma da kuke karanta wannan, aikin da ta ajiye ba ya buƙatar jarumi. Ku yi magana da maƙwabcinku, ku huda gindin shingen da ke tsakaninku. Ku bi ciyawa da sanda kafin ku kunna inji. Duk itacen da ya kwana a tare, a matsar da shi kafin a sa masa ashana. In kuma kun ga mutum ɗaya ya tsaya a gaban taro kan abin da ya sani, ku shiga ku kama masa tun bai gama shan ihu ba.

Da na je gidanta na gaya mata zan yi wannan rubutu, tana tsaye ne jingine da sanda tana lissafa wa wata sabuwar mai jinya awoyin ba da magani. Ta saurare ni har na gama, ta ce kada in sa hotonta. Na tambaye ta ko akwai abin da take so mutane su sani game da ita.

"Ka rubuta cewa ruwa za su ajiye musu, kada su ba su madara," ta ce. "Madara gudawa take sa su, ƙananan har mutuwa suke yi. Sauran duk surutu ne."

An rubuta, Noreen. Sauran surutun kuma ki yi haƙuri da shi, mun daɗe da ya kamata mu yi shi. Allah Ya sa a yi aikin a sa'a, Ya tashi kafaɗarki.